Bishiyoyin Tut

Litinin, 14 Disamba 1992
Ba wuta, ba gas, harbi tun safe. Cikin 'yan ƙungiyarmu ta bincike, ni shugaba da mataimakiyata Mavjuda kaɗai muka rage a Dushanbe, sauran kowa ya yi ta kansa. Na mayar da ƙwan tsutsar alharini ɗakin ƙasa, sanyin can zai hana shi ƙyanƙyashewa sai ganye ya fito. Shekara ashirin muna haɗa wannan iri. Ganyen bishiyar tut kaɗai tsutsar ke ci, kuma bishiyoyin gonar gwajinmu ne suka rage a unguwar nan. Sauran duk sun shiga murhu.

Asabar, 9 Janairu 1993
Na kama wani tsoho da zarto a gonar, na yi masa tas. Wai, "Malama, tsutsa ce ke mulki a gidan nan?" E, ita ce!

Laraba, 13 Janairu
Mavjuda ta zo da jaririnta Firdavs a cikin riga, yana tari. "Yaya, bishiya ɗaya tak. Gidana ya fi waje sanyi." Na ce in na sare ɗaya yau, gobe unguwa za ta sare sauran. Na ba ta bargona da kujerar ofis ta ƙona. Har da dariyarta: "Ta shugaba ce? To yau na hau mulki." Haka take, ko ana wane hali.

Litinin, 18 Janairu
Ba ta zo aiki ba.

Alhamis, 21 Janairu
An binne Firdavs.
Na je gaisuwa da burodi biyu. Ɗakin, kana ganin numfashinka. Da ma ta zage ni, da ma ta kore ni. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kin duba ƙwan? Kada laima ta taɓa shi." Wayyo Allah. Zuciyata ta karye, ban san yadda na iso gida ba.

Lahadi, 24 Janairu
Mata suna ta ce mini kwanansa ne ya ƙare. Na sani. Na sauka ɗakin ƙasa, na kasa buɗe akwatin ƙwan.

Talata, 26 Janairu
Tun hantsi ake sara a gonar, har muryar yara ina ji suna jan rassa. Ina zaune ina wanke kwalaben da na wanke jiya. Ban leƙa ba. Ni dai ban ba kowa izini ba. Ƙofar gonar ce na manta ban kulle ba, gatarinmu ma a bakinta na manta shi.