Littafinka Yana Cikin Adakar Inna

Zuwa ga Yaya Bulus, a can ƙasar da kake,

Gaisuwa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Na fara da gaisuwa ne don haka Inna ta koya mana, amma Allah ya sani raina a ɓace yake.

Masu leƙa wannan shafi nawa sun saba in zo shagon intanet na Samaru in yi ta surutu a kan babin da ya ƙi ƙarewa, ko tsadar takarda, ko wani abin da na ji a labarai. Yau sai su yi haƙuri, da kai nake. Sau biyu na aika maka saƙo ta adireshinka, shiru. Na kuma san kana karanta shafin nan, don ka taɓa shigowa ka gyara mini waƙafi. To, mu yi ta a gaban jama'a, tunda kai ma a gaban jama'a ka yi.

Bari in tuna maka ko kai wane ne, ko samun duniya ya sa ka manta. Kai ne ɗalibin da ya zo daga kudancin Kaduna da jaka ɗaya da takalmi ɗaya, ka kama ɗakin zaure a gidanmu na Sabon Gari. Shekara huɗu kana hawa bas zuwa jami'a, shekara huɗu mahaifiyata tana tura maka ƙosai da koko kafin ta sayar wa kowa. Ran Lahadi ita ke buga maka ƙofa kada ka makara coci. Kai ka fara sa mini littafi a hannu, kai ka ce in rubuta abin da nake gani a layinmu. Littattafaina uku da ke kasuwa yanzu, da hannunka a ciki, ban taɓa musu ba.

Ran Laraba waccan da safe aka sa hirarka a rediyo, da Hausa. Inna tana bakin kasko. Da jin muryarka ta ajiye matsami, ta sa aka ƙara sauti, ta riƙa kiran masu wucewa su zo su ji ɗanta da ya zama babban marubuci a Turai. Mutum ya fi ashirin a ƙofar gidanmu. Ƙosai na ƙonewa, ko ta kansa ba ta bi ba.

Sai aka tambaye ka labarin littafinka na farko. Ka yi dariyar nan taka, ka ce ai mutanen Sabon Gari sun cinye shi da yaji. Wai tsohuwar da ka zauna a gidanta, mai ƙosai, ba ta san ko bihim ba, ta yayyage shi shafi-shafi ta ƙunshe wa masu saye. Mai hira ya yi ta dariya har da tari. A ƙofar gidanmu kuwa kowa ya juyo yana kallon Inna.

Daga baya na bincika, na ga ashe ba ranar ka fara ba. Ka ba da labarin nan da Turanci a wurare da dama, kowane karo yana ƙara ƙiba. A wani wurin har akuya ka sa a ciki.

Yaya Bulus, da wata mai ƙosan ka yi wa wannan ƙarya da sai in ce ka yi kuskure. Amma Inna? Duk Sabon Gari ita kaɗai ce ba ta ƙunshe ƙosai a jarida. Ka manta mu biyu take aika unguwar Chikaji mu samo mata takardar buhun siminti, mu zauna mu ɓare fallen waje mai rubutu, mu yayyanka mata na ciki? Kai ke riƙe almakashi, kana tsokanarta wai ƙosanta na ƙara wa mutum ƙarfin ƙashi.

Inna ba ta taka rubutu, ba ta kuma bari a taka. In ta ga takarda a ƙasa, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai ta duƙa ta ɗauka, ta kaɗe, ta kawo gida ta soke tsakanin bango da kwanon rufi. Boko, Larabci, Turanci, duk ɗaya ne a wurinta. Maganarta kullum ita ce, “Ba a san inda sunan Allah yake ba.” Ka tuna ranar da muka zaro wata takarda da ta shekara biyu tana girmamawa, muka tarar tallar maganin basir ce? Ka yi dariya har ka faɗo daga benci. Ita kuwa ta karɓe abarta ta mayar inda take.

Wannan matar ce ka ce ta naɗe ƙosai da littafinka.

Ni ce shaidar ranar da za ka tafi. Littattafan rubutu guda biyar, masu bango ja, ka ɗaure su da igiyar leda. Ka durƙusa a gabanta ka ce ta ajiye maka, jakarka ta cika. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a sabon zane, ta sa a ƙasan adakarta, inda take ajiye likkafaninta. Shekara takwas ke nan. Duk ƙarshen damina sai ta fito da su ta shanya a tabarma saboda danshi da gara, ta zauna da 'yar tsumagiya tana korar kaji. Ba ta san me ke ciki ba. Ni na sani, don na karanta. Ko ba don Inna tana tsaye a kai ba ma, ban ga garar da za ta iya wuce babi na biyu ba.

Na san abin da ya kai ka. Ni ma sana'ata ke nan, ni ma ina satar mutane in zuba a littafi. Labarin jahilar tsohuwa da ta hallaka littafin haziƙin yaro yana da daɗin ji, ya fi na yaron da ya rubuta shirme ya gudu ya bar shi. Amma in za ka saci mutum, sai ka sake masa suna da unguwa da sana'a. Kai ka bar mata kaskonta da layinta, ka kwashe mutuncinta kaɗai. Abincin da ta ciyar da kai da shi, shi ka mayar abin yi mata dariya. Wannan butulci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Yanzu samarin layi in sun zo saye sai su ce a zuba musu a babi na uku. Tana murmushi ta miƙa musu. Amma ta daina kunna rediyo, kuma kwana biyu tana cin abinci kamar ana tilasta mata.

Shekaranjiya na yanke shawara. Na buɗe adakar na ɗauko littattafan, da niyyar in kawo su nan shagon a ɗauki hotonsu, in liƙa shafin farko a nan, da rubutun hannunka da sunanka, duniya ta ga ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ma tsara kanun da zan sa. A zaure ta tare ni. Idanunta sun fara yana, amma ta gane zanen. Ta karɓe daga hannuna, ta ce ajiya ce, mai ajiya kuma bai zo ba.

Na ce mata mai ajiyar ya tozarta ta a gaban duniya. Na ɗauka abin da ke cin ta ke nan, kunya da dariyar mutane. Ashe ban san uwata ba. Ta zauna a bakin tabarma ta rungume ƙunshin, ta ce tun ranar take tunanin wa ya kai maka wannan mugun labari, da kuma yadda ka yi shekara da shekaru kana baƙin cikin aikinka ya salwanta, amma don kunyarta ba ka taɓa tambaya ba. Wai dariyar da ka yi a rediyo ta ƙarfin hali ce, ta san muryarka.

Na buɗe baki in gaya mata ka sani sarai, don bara ma na rubuta maka cewa suna nan, ka amsa da cewa in gaishe ta. Na kasa. Wannan ma ina riƙe da kai a kansa: ka sa ni ina ɓoye wa uwata gaskiya don in kare ka.

Ita ta sa ni zuwa nan yau, da kuɗin motarta. Ta ce tunda an ce na'urar nan tana kai magana ko'ina, in rubuta maka yadda ta faɗa, kada in ƙara kada in rage. Na riga na ƙara da yawa, wannan laifina ne. Ga nata:

“A gaya wa Bulus ya kwantar da hankalinsa. Littafinsa na nan, ko shafi ɗaya bai fita ba. In ya zo in ba shi da hannuna.”

Ba za ta ba ɗan aike ba, ba za ta sa a gidan waya ba, ni ma ta hana ni taɓawa. Don haka abu biyu ya rage maka. Ko ka koma inda ka yi ƙaryar ka warware ta da bakinka, ko ka zo ka durƙusa inda ka durƙusa a da ka karɓi kayanka. Da ni ce kai, da duka biyun zan yi, kuma ba zan jira damina ta sake zagayowa ba. Bana da ta shanya su, da lalube ta tattara.

Ina fushi da kai, Yaya, fushin da ban taɓa yi da kowa ba. Amma har yau in na gama babi, kai nake fara tunanin ko me za ka ce. Benci yana nan a zaure inda ka bar shi.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya shiryi harshenka. Allah ya ba Inna lafiya da tsawon rai, ya bar mata sauran ganinta har ranar da za ka shigo zauren nan. Allah kuma ya sa kada ta taɓa sanin abin da na sani.

Ƙanwarka,
Jummai