Farashi a Jikin Gadon Amarya

Wunti, Bauchi
3 ga Maris, 2015

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ciwon gwiwar nan?

Yaya, ƙanenki ya zama manaja! Alhaji Ɗanlarai, mai kantunan kayan ɗaki na Gidan Ƙawa, ya buɗe reshe na huɗu a nan Wunti, bayan na GRA da na hanyar Gubi da na Azare, ya damƙa mini makulli. Kin san dalili? Shawarata ce ta ɗaga shi. Ni na ce mu jera kaya kamar ɗakin amarya na gaske, gado da madubi da kujeru har da labule, mu manna farashi a jikin kowanne, ba ciniki, ba albarka. Mutane sun gaji da kafintan da zai ce maka jibi, jibin ta kai wata uku.

Wallahi ranar Asabar sai an yi layi. Abin da ke ba ni mamaki, mata sukan zo ayari guda, su zagaya, su ɗauki hoto da waya, su tafi ko filo ba su saya ba. Alhaji ya ce a riƙa korarsu, na ce a bar su, talla suke mana kyauta.

Matata Bintu na gaishe ki.

Ƙanenki,
Sabitu

11 ga Yuli, 2018

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fatan damina ta zo muku da alheri, kuma kowa lafiya.

An rufe Azare da Gubi. GRA ma numfashi kawai take. Alhaji ya ce in Wunti ba ta farfaɗo ba kafin babbar Salla, in nemi wani aikin, kuma kin san bakuna nawa ke jirana a gida. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Amma abin da ya fi cin raina shi ne rashin sanin dalili. Ba a daina aure a Bauchi ba, kowace Juma'a masallatai cike suke da 'yan ɗaurin aure. Katakonmu bai lalace ba, da kaina na bi gidaje na tambayi maza. Na zargi tsada, muka rage, sai abin ya ƙara muni. Wannan wane irin ciniki ne, ka rage kuɗi mutane su ƙara gudu? Su kuwa masu ɗaukar hoto ko fashi ba sa yi. Har tofi Alhaji ya sa aka yi a ƙofa.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Sabitu

2 ga Satumba, 2018

Yaya,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan an yi Salla lafiya. An rufe Wunti, kuma na gano dalili, a tsakar gidana.

Na tambayi kowa a garin nan ban da Bintu. Da na tambaye ta, sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ai ta ɗauka na sani. Ashe ranar ganin ɗaki, da mata sun shiga sun ƙyalla ido sun ga kayanmu ne, sai su ciro waya su duba hoton farashin. Kafin a raba cincin, dangin ango sun san iyakar ƙarfin uban amarya. Da muka rage kuɗi kuwa, har amaren da aka yi wa kaya tun bara suka shiga uku, aka ce kayan gwanjo ne a ɗakinsu. Shi kafinta, duk saɓa alkawarinsa, ba mai sanin yadda kuka yi, uwar amarya ta faɗi abin da ta ga dama.

Kai, Yaya! Mu maza ba ma shiga ɗakin nan, ina zan sani? Shekara da shekaru ina tona asirin iyaye ina ganin wayewa na kawo. Kunya ta ishe ni.

An sa ranar auren 'yata, ɗiyarki Khadijatu, watan gobe. Alhaji, Allah ya saka masa, ya ce in zaɓi duk saitin da nake so cikin ragowar kaya, kyauta. Na yi godiya na bar su. Jiya na je wurin Toma kafinta, ya ce in dawo jibi. Na ce ya yi a hankali, roƙona ɗaya ne, kada ya gaya wa kowa yadda muka yi.

Ki gaida Malam.

Ƙanenki,
Sabitu