Inna, Hancina Ya Tafi Yawo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna mai humra,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, da fatan Allah ya ƙara miki ni'ima a makwancinki, ina rubuto miki ne daga gidanki na unguwar Mayo a Khartum, a ƙarƙashin rumfar nan da kike zama da hantsi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Zan ajiye ta inda mutane za su karanta, kuma na san da kina nan sai kin ce na shanya maganar gida a titi. Ki yi haƙuri, tun da kika tafi ba ni da wanda zan kai wa ƙarar hancina.

Shekara huɗu da rasuwarki aka yi wata annoba, korona. Aka rufe gadojin Khartum, aka kulle Kasuwar Umdurman, wadda kike cewa ko ranar Idi ido ɗaya take rufewa. Kowa ya ɗaure baki da hanci da ƙyalle, kammama muke ce masa. Gaisuwarmu ta dafa kafaɗa da runguma aka ce a daina, sai ki ga dattawa biyu sun haɗu sun tsaya nesa da juna suna ɗaga hannu kamar masu tsayar da mota. Ni dai na bi doka sau da ƙafa. Na wanke hannu har dilkar da na shekara ina shafawa ta tashi a banza, amma duk da haka cutar ta san hanyar gidanmu.

Wata safiya na zuba turaren wuta a kasko, hayaƙi ya tashi, ban ji komai ba. Na ƙara, shiru. Nan take na ɗora laifin a kan mutumin da nake sayen sandal a wurinsa a Umdurman, na ce ya sayar mini da itacen girki. Bawan Allah yana kulle a gidansa bai san hawa ba bai san sauka ba, na yi masa wankin babban bargo. Na buɗe gwangwanin ɗanyen farcen turare, wanda kin san kafin a soya shi ko kuda sai ya yi shawara kafin ya sauka, nan ma ban ji komai ba.

Surukinki Baban Nafisa ne ya tabbatar mini. Kin tuna ranar da ya zo neman aurena, da kika ji kifi yake saro wa daga Jabal Awliya, kika ce: “Mutumin kirki ne, amma ki riƙa zaunar da shi ta inda iska ke tafiya.” Shekara ashirin da biyu tun yana kwanar layi ƙarnin kifi ke sanar da ni ya dawo. Ranar nan ya shigo da kwandonsa, ya tsaya a bayana ya yi sallama, na zabura na zubar da shayi. Har na matsa kusa da shi na zauna, shi kuma ya yi ta murmushi, yana zaton tsufa ne ya zo mini da soyayya.

Kwana biyu na ɓoye, Inna, kuma ina jin kunyar faɗa miki. A lokacin, wanda aka ce yana da korona a Mayo ko inuwar katangarsa ba a bi. Ni kuma abin ya zame mini biyu, don mai humra da ba ta jin ƙamshi ban san me za a kira ta ba. Na ce mura ce, na sha zoɓo mai zafi, na yi shiru.

A rana ta uku Gwaggo Asabe ta taho. Ƙawarki ce tun kuna tsinkar auduga a Jazira, har yanzu katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma har yanzu ba ta sallama sai ta riga ta shigo. Ta tsufa, ga ciwon asma, in ta hau dakali sai ta huta. Ta ba ni aikin humrar auren jikarta, ta zo duba inda aka kwana. Da na ji takun sandarta sai na ga in na bar ta ta zauna kusa da ni don in rufa wa hancina asiri, ita zan tura inda kike. Na ruga na danna ƙofa na sa sakata. Abin da ta faɗa daga waje har yau ana maimaita mini shi a unguwa: “Ya bitti, ke 'yar nan, uwarki shekara arba'in ba ta rufe mini ƙofa ba, ke wa ya haife ki?” Ta bayan ƙofar na faɗa mata gaskiya. Kafin azahar labari ya kai tashar mota, kuma a can an riga an ce ina kan gargara.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti a layinmu, ita muka kira a waya. Ta ce in zauna a ɗaki ni kaɗai mako biyu, taga a buɗe, in sha ruwa da yawa, in ci abinci ko ba na so, in numfashi ya fara yi mini wuya kuma kada a tsaya shawara, a kawo ni. Baban Nafisa ma ta ce ya ajiye kwandonsa ya zauna a gida. Ya fitar da gadonsa na igiya tsakar gida, ya karɓi girki.

Nan na yi kuskuren da har yau nake biya. Harshena ya bi hanci sun tafi tare, komai ya ajiye mini a bakin ƙofa ɗanɗanon ruwa yake yi. Sai in cinye tas in sa masa albarka. Mutumin nan ya ɗauka baiwa ce Allah ya ɓoye masa sai yanzu. Ranar da harshena ya dawo na ɗanɗana miyar kuɓewarsa, gishiri zalla, na gane da Gwaggo ce ta ci da hawan jini ya gama da ita. Har gobe duk Juma'a sai ya ce in huta, shi zai shiga kicin, ni kuma na rasa bakin da zan warware yabon mako biyu.

Maƙwabta ba su shigo ba, amma ba su bar ni ba. Ta saman katanga magunguna suka riƙa sauka: lemon tsami, citta, tafarnuwa da saƙon in cusa a hanci. Gwaggo ta jefo ƙullin bagaruwa, garad ɗin da duk gari ya rantse hayaƙinta na korar cutar. Surukinki ya zuba rabin ƙullin a garwashi ya turo mini ɗaki ya ja ƙofa. Ni ba na jin wari, ina zaune ina hawaye ina zaton tausayin kaina nake ji, sai da maƙwabta suka fara miƙo bokitan ruwa, suna zaton gobara ce. Ma'aikaciyar asibitin ta yi mana faɗan da ya dace da mu, ta ce huhun da ke fama ba hayaƙi yake nema ba.

Zazzaɓin da ya biyo baya kwana shida ya yi ya sake ni. Mako biyu suka cika, na fito, hanci bai dawo ba. A nan dariya ta ƙare mini, Inna, na ji tsoro ƙwarai. Ba ki bar mini takarda ba, ba ki bar mini ma'auni ba. Duk abin da kika koya mini shi ne: “Zuba, ki shinshina, hancinki zai ce miki ya isa.” Dama can masu saye suna cewa humrata ta yi daɗi amma taki daban ce, na shekara ina neman inda na gaza ban samu ba. Rabin gadonki ne a hannuna, ga shi rabin ma zai suɓuce.

Na fara zama shiru ina latsa waya, saƙo yana bin saƙo, wannan ya ce wane ya rasu, wancan ya ce wanda hancinsa ya tafi ya tafi ke nan. Da na ga abin zai taɓa mini kai, na miƙa wa Baban Nafisa wayar na ce kada ya ba ni sai 'yarmu Nafisa ta kira daga gidan mijinta a Madani. Bayan asuba in yi tafiya daga ƙofar gida zuwa randa in dawo, sau arba'in, kaji suna bina suna zaton hatsi zan watsa. In karanta abin da ya sawwaƙa, in share gida, in yi barcin rana. Ba su dawo mini da hanci ba, amma sun riƙe mini hankali.

Na aika wa Gwaggo ta kai aikin jikarta wani wuri. Ta aiko da amsa cewa hancina ne ya tafi, hannuna yana nan. Sai na ɗauki surukinki aikin shinshina. Duk abin da na kai masa hanci sai ya lumshe ido ya ce “tamam”, wato ya yi. Da na fara zargi na miƙa masa kwalbar kananzir, ya ja numfashi ya ce tamam, sai dai ta ɗan yi ƙarfi. A ranar na sallame shi.

Gwaggo ce ta zama hancina. In tsoma ƙyalle a haɗin, in ɗaura a bakin doguwar gora, in miƙa ta saman katanga. Ita tana zaune a can tana shinshinawa tana ba da umarni da ƙarfi, a ƙara sandal, a rage miski, har masu wucewa suka koyi rabin sana'ar kyauta. Aka ɗaura aure da mutum goma, amarya ta tafi da kwalabenta. Hukuncin Gwaggo bai canza ba, ta ce ta yi, amma ta Innarki daban ce.

Ma'aikaciyar asibitin ce ta ba ni wani aiki. Ta ce safe da yamma in ɗauki abu huɗu, in shinshina kowanne shi kaɗai, in riƙa tuna yadda yake a da. Na zaɓi kanumfari, ɓawon lemo, na'ana'a da sandal. Wata da watanni ina zaune ina shinshinar ɓawon lemo kamar akuya. Da ya tashi dawowa a karkace ya dawo, sandal ya koma mini ƙonanniyar albasa, na yi kwana uku ina kuka. Sannu a hankali abubuwa suka koma mazauninsu. Wata rana da hantsi ina tankaɗe na ji kifi ya shawo kwanar layi. Na tari surukinki a ƙofa da hawaye, ya tsaya yana kallona, na ce ya wuce ya yi wanka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙasan akwatinki akwai kwalbar humra ta ƙarshe da kika haɗa da hannunki, saura kamar gaɓar yatsa. Tun da cutar ta same ni ban taɓa ta ba, ina tsoron in buɗe in ji ba kya ciki. Watan jiya na yi ƙarfin hali na buɗe. Hancin nan da ya sha horo ya koyi bin abu ɗaya-ɗaya, sai ya shiga ware mini su: ga sandal, ga farce, ga mahlab, ga miski. Can ƙasa kuma, ɗan kaɗan, na ji wani abu da ban taɓa sakawa ba. Gahawa ce, Inna.

Na zauna a ƙasa na yi ta dariya har ta juye ta zama kuka. Ba sirri kika ɓoye mini ba, ke ma ba ki sani ba. Ƙaramin turmi ɗaya gare ki, a ciki kike daka gahawarki da safe, a ciki kike daka mahlab da hantsi. Ni ce da na fara ganin kaina na je wurin maƙeran Umdurman na sayo na tagulla don turare kaɗai, har ina yi miki gorin tsabta. Kika dube ni kika ce naki bai taɓa kai ƙara ba. Ban tsaya na lura ba cewa na biyun ne ba ki da halin saya, kuma ba ki taɓa bari mun gane ba.

Na samo turmin a bayan ɗaki, an kife shi kaji suna hawa. Na wanke, na shanya, na daka gahawa, na juye, na daka mahlab a kai. Na haɗa na rufe na bar ta ta kwanta. Jiya na kai wa Gwaggo, ta ƙofa wannan karon, da kammamata a fuska. Ta shafa a bayan hannu ta kai hanci. Ta sake shinshinawa. Sannan ta goge ido da gefen mayafi, ta tambaye ni a ina na samo ragowar humrarki.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya yalwata kabarinki ya cika shi da ƙamshin Aljanna. Ya jiƙan waɗanda annobar nan ta ɗauka, ya ba masu jinya lafiya, ya ƙara wa Gwaggo numfashi da kwana. Ni kuma ki yafe mini gorin da na yi miki.

Taki har kullum,
Hajara, mai daka a turminki.