Daƙiƙa ɗaya da rabi, Yaya Sabi'u

Zuwa ga yayana Sabi'u,

Bayan sallama irin ta Musulunci, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Mu muna nan Mpape yadda ka bar mu, sai dai Inna ta rame.

Yaya, ka bar ni da lissafin da ya fi ƙarfina.

Ka tuna yadda kake ɓata mana kallo? Da mutum ya faɗo daga bene a fim, sai ka hau ƙirga da yatsu. Ka ce a ninka daƙiƙun da kansu, a ninka sau biyar, a samu tsayin wurin a mita. Rannan wani ya yi daƙiƙa biyar a iska har yana kiran sunan budurwarsa, ka buga cinya: "Ƙarya ne! Bene uku ya faɗo ko arba'in? Sun ja lokacin ne don ku yi kuka." Inna ta jefe ka da mafici. Ni kuwa sarkin kwaikwayo, na haddace.

Da karatun kimiyyar da ka yi bai ba ka aiki ba ka koma gini, ban taɓa kawo lissafin nan kusa da kai ba.

Ranar sadakar ukunka, Bitrus abokin aikinka ya zo gaisuwa daga Kurudu. Ya durƙusa gaban Inna ya ce yana ƙasa lokacin da katakon da ka taka ya karye da kai. "Mama, na ji shi da kunnena. Ya faɗa kalmar nan da kuke faɗa, har ƙarshe." Tun ranar, wannan maganar ce abincin Inna.

To ni uwar karambani, sai da na je na ga ginin. Hawa na uku, mita goma ko kusa. Daƙiƙa ɗaya da rabi ma ba ta cika ba, Yaya.

Na riƙe agogon waya ina gwadawa. In na yi sauri La'ilaha illallahu tana shiga, in na yi yadda kake magana a natse, ba ta shiga. Ban san ko Bitrus ya ji ba ne, ko tausayin tsohuwa ya sa shi. Wallahi na rasa wanda zan gaskata, shi ko kai.

Jiya Inna ta kama ni ina gwajin. Ta ce tunda ni ka koya wa, in faɗa mata ko lokacin ya ishe ka.

Na ce ya isa har da saura. Ta koma jan carbinta.

Allah mai lokaci, Ya sa an ja maka daƙiƙar nan fiye da yadda suke ja a fim. Ya gafarta maka, Ya sada mu a Aljanna. Wannan karon dai, don Allah, kar ka ce ƙarya ne.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rabi