Motarka Ta Faɗo Cikin Rabona

Baban Nafisa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Kana da rai ma rabin saƙonnina kake karantawa a waya, saboda haka ban ga wani babban canji ba.

Gida lafiya. Ɗiyarmu Nafisa ta koma jami'a a Yamai. Ni na fita takaba, na koma lise, sakandaren nan tamu, ina koyar da fizik. Hajiya mahaifiyarka, ciwon ƙafar ne dai. Sauran labarin duk na motarka ne, na kuma san shi kake jira.

Ka tuna ranar da ka kawo ta daga Kwatano, ja, mai ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare? Kafin ka nuna wa kowa, sai da ka sa aka ɗaura mata agogo biyu a gaban kujerata: ɗaya na zafin baƙin mai, ɗaya na ƙarfin da famfo ke tura shi cikin inji. Ka ce jar fitilar da aka ƙero ta da ita ba ta kamawa sai ɓarna ta auku, kamar mai zuwa ta'aziyya. Tun da idonka na kan titi, karatun allurai ya zama aikina.

Dokarka ba ta da wuya. Da safe ba a ba ta wuta sai mai ya ɗumama, don mai sanyi kauri gare shi, ba ya ratsa ko'ina. In kuma inji ya daɗe yana ƙara a sama, man ya yi zafi ya tsinke kamar ruwan shayi, allurar ƙarfi ta soma sauka. A hanyar Jiratawa, da na ga haka sai in faɗa, kai kuma ka ɗaga ƙafa. Nan ne kaɗai a aurenmu na ce ka rage, ka kuma rage. Gishiri da kilishi, ni da likita muka haɗu, ba mu ci nasara ba.

Ina cikin takaba Sani ƙanenka ya karɓi makulli, wai kada batir ya mutu. Daga ɗaki nake jin sa. Yana tada ta yake taka ta, tun mai bai farka ba. Na aika Nafisa ta gaya masa, ya ce a ce wa matar Yaya ta ji da carbinta, mota harkar maza ce. Me zan yi? Ba ni da ikon fita ƙofar gida, balle in ƙwace makulli a hannun ɗan Hajiya.

Daga nan ya kai ta bikin abokinsa a Tsibiri, tsakiyar zafin bazara, ya yi ta juya ta cikin rairayi ana tafi. An turo mini bidiyon da wani ya ɗauka daga ciki. Kowa na yaba Sani. Ina jin duk Maraɗi ni kaɗai na tsayar da hoton na duba allurai. Ta zafi ta wuce inda ka taɓa bari ta kai, ta ƙarfi kuwa tana faɗuwa duk lokacin da ya karya kwana.

Da aka zauna rabon gado, na ce a sa mini motar cikin tumunina, garkarka ta Jiratawa, lambun nan, ta tafi ga wani. Malamin da ke rabon ya sake tambayata, ko bai ji daidai ba. Hajiya ta ce dama boko bai taɓa barin mace da lissafi ba. Sani ya daina gaishe ni, abin da ya rage mini hidimar shayi.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk tsakin da nake yi in ka ce mu fita, da takardun jarrabawar da nake ɗauka wai zan gyara a hanya, ban taɓa gyara ko ɗaya ba. Ina son tafiyar nan. Ka sani ka yi shiru ne, ko ba ka lura ba?

Ranar Lahadi na fita da ita. Na jira ta ɗumama, na bar gari, na ba ta wuta. Zafi bai kai ko'ina ba allurar ƙarfi ta sauka, ga kuma wani ƙwanƙwasa can ƙasan inji da ban san shi ba. Malam Isa makanikenka na Sabon Gari ya kasa kunne, ya ce ƙarafan da inji ke juyawa a kansu sun cinye. Da mai mai kauri za ta yi ta tafiya, amma gudu ya ƙare, sai in an samo kaya daga waje, shi kuma bai san ranar ba.

To, na karɓo ta, amma a makare. Da ita nake zuwa lise kullum, a hankali. Jiya wani mai babur ɗauke da buhunan albasa ya wuce ni, har ya waiwayo ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Matarka,
Rabi