Injin da Ke Ƙarƙashin Darbejiya

Ni Zakariya, makaniken unguwar bayan kasuwa a Dogon Dutsi, ina rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna ne suka kumbura, numfashi kuma ya fara yi mini rowa. Zuwa gare ku ƴaƴana, Danyel da Nehemiya da Pascaline.

Na ɗaya, gida. Kada a raba shi, kada a tsaga katanga a tsakar gidan da uwarku Marthe ta share har bayanta ya ranƙwafa. Pascaline ta zauna a ɗakin uwarta muddin tana so. Gonar geronmu ta Guéchémé ku noma ta tare, in kun kasa ku ba ƴan'uwan Marthe aro.

Na biyu, kayan aiki. Akwatin kile, wato sufanu, na Danyel ne, injin walda na Nehemiya. Babbar filaya mai jan hannu ba tawa ba ce, ta Ɗantala mai facin taya ce. Kunya ta hana shi tambaya, ku mayar masa.

Na uku shi ne abin da ya sa na ɗauki biro, wato injin jirgin ruwan nan da ke ƙarƙashin darbejiya, lulluɓe da tamfol. Na san abin da gari ke cewa: Zakariya ya kawo injin kogi ƙasar da ake jan guga har tafin hannu ya yi kanta. Su yi dariyarsu. Ƙuruciyata a Gaya ta bakin kogi na yi ta, ina kula da jirgin gudu na wani ɗan kasuwa. In na buɗe masa wuta, hancinsa ya ɗaga sama, masunta su riƙe hulunansu suna zagina, ni kuwa ina dariya iska na cika mini baki. Da jirgin ya tsufa, maigidan ya sallame ni da injin. Na ce wa Marthe wata rana zan ɗora shi a wani jirgi in zaga da ita. Ta ce, "Ni da ko tafkin damina ba na takawa? Amma in kai ne za ka tuƙa, zan rufe ido in shiga." Ta rasu ba ta shiga ba. Ina kewarta, ina kewar kogin, har ban san wanne ya fi tashe ni da asuba ba.

Na huɗu, rigimarku, Danyel da Nehemiya. Tun bara da kuka tayar da injin don ku faranta mini rai ina kwance asibiti, allurar agogon mai ta faɗi, ya fara ƙara kuka kashe shi, ba ku ƙara cin tuwo a kwano ɗaya ba. A majami'a ma kowa da bencinsa. Nehemiya na cewa Danyel ya juya tiyon mai. Danyel na cewa Nehemiya ya dafa injin. Da na sami sauƙi na ja kujera na bi shi tiyo bayan tiyo, ga abin da na gani.

Danyel bai juya komai ba. Baƙin mai yana fita daga inji, ya shiga filta ta ƙananan ramukan gefe, ya fito ta ramin tsakiya, ya ratsa bututun sanyaya mai, sannan ya koma ciki. Haka na tarar. Da ya juya su, robar da ke cikin filta da ta toshe hanya, injin kuwa da tuni ya zama ƙarfen awo.

Nehemiya kuma abin da kowane ɗan Arewa zai yi ya yi. Ka ga injin yana zuƙar ruwa daga tano, gangar da kuka cika masa, yana tofar da shi ƙasa, ranka ya ɓaci, ka kama tiyon ka mayar da shi cikin tanon, kamar yadda muke yi wa injin niƙa. Ruwan ya yi ta zagayawa har ya yi zafi, ya kasa sanyaya mai, mai ya tsinke ya zama kamar ruwan shayi, allura ta faɗi. Uwarku ce ta koya maka, ita da ruwan wanke shinkafa ma sai ta ba awaki. Ba zan zarge ka a kan tarbiyyarta ba. Shi wannan injin a kogi aka raine shi, bai san tattali ba. Yana shan ruwa mai sanyi, ya zubar, ya sha sabo. Bai mutu ba, na juya shi da hannu, lafiyarsa lau. Kun daina magana da juna a kan injin da ƙishirwa kawai ta dame shi.

Na biyar, abin da nake roƙo. Kada ku sayar wa masu gwangwan injin nan. Bayan an binne ni, in an gama girbi, ku ɗora shi a mota ku kai shi Gaya. Ku nemi Hamza mai gyaran jirage a bakin ruwa, tare muka koyi aiki, ya yi mini alkawarin jirgi. Ku sa sabuwar filta, ku duba kada tsohuwar robar bakinta ta manne a wurin. Kada ku sa tiyo siriri, kada ku bar shi ya lanƙwashe. In kun ga mai ya yi fari kamar nono, bututun sanyaya ya huje daga ciki, ku kashe nan take.

Aikin nan mutum ɗaya ba ya yin sa, kuma ban ce ku ɗauki yaron kowa ba. Danyel, kai ne babba, ka zauna gaban agogo, idonka a kan allura. Nehemiya, ka tsuguna wurin inji, hannunka a kan tiyon baƙin mai biyu na bututun sanyaya: mai shiga ya yi zafi, mai fita ya fi shi sanyi. Mai kallon agogo ba ya jin tiyo, mai riƙe tiyo ba ya ganin agogo. Dole ɗaya ya ɗaga murya ya kira sunan ɗan'uwansa. Wannan kiran nake so, ko da ba na nan in ji.

Pascaline, ki ɗaura ɗankwalin uwarki mai ruwan bula, ki zauna a gaba inda na yi niyyar zaunar da ita. Kada ki rufe ido.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku, ya haɗa kanku da na ƴaƴanku a gida ɗaya. Ku riƙe juna. In injin ya tashi, kuka ga ruwa yana tsartuwa ta baya yana komawa kogi, Nehemiya ɗana, ka bar shi ya zube.

Mahaifinku,
Zakariya