Ni ne wanzamin da Likita take nema

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku yanke min hukunci ku karanta har ƙarshe. Da girmana na koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Ni mutumin Daura ne, na haura arba'in da biyar, gidanmu gidan wanzamai ne. Aski, ƙaho, cire haƙori, duk a zauren mahaifina na taso ina gani. Bayan na iya karatu sai Allah ya haɗa ni da wata likitar haƙori mai ƙaramin asibiti, ta ɗauke ni shara, daga nan ta koya min tafasa kayan aiki da miƙa mata su in tana duba mutum. Sa'ar ƙanwata ce amma Kawu take ce min. Kullum tana cewa, "Kawu, hannunka ba ya rawa, makaranta kawai ya rage maka." Yanzu haka ita ce ta tsaya min zan shiga horon masu taimaka wa likitan haƙori. Ni da na yi zaton da tsintsiya zan tsufa!

To ga inda matsalar take. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, hannunsa na karkarwa, amma mutanen ƙauye ba su daina zuwa zaure ba, don iyayensu ma nan suka zo. Ranar da na ga ya ɗora awartaki a kan lafiyayyen haƙorin wani bawan Allah, sai na ce, "Baba, kawo in kama maka." Ya miƙo min yana murmushi, ya ce, "Ashe bokon bai cinye min kai duka ba." Tun daga ranar, duk Juma'a bayan masallaci ni nake cirewa, shi yana zaune kan buzu yana addu'a, ana fita ana cewa hannun tsoho har yanzu da albarka. Na riƙa gaya wa kaina ai gara ni, tunda ina tafasa ƙarfen, ina sa safar hannu. Amma ina da izini? Ba ni da shi, kuma na sani.

Makon jiya wani makiyayi daga wajen Zango, bari in kira shi Malam Ilu, ya zo da matauni mai rami. Na ja, haƙorin ya karye, saiwar ta zauna a ciki. Na ji kunyar faɗa a gaban Baba, sai na ba shi ruwan gishiri na sallame shi. Shekaranjiya sai ga shi an sauke shi a asibitinmu a kan babur, muƙamuƙi ya kumbura har ido ɗaya ya rufe, zazzaɓi na kaɗa shi. Ni na riƙe masa kai Likita tana matse mugunya. Ta ce, "Malam, wane marar imanin ne ya yi maka wannan aika-aika?" Ya ɗago idon da ya rage ya dube ni. Sannan ya ce, "Wani wanzami ne can wajen Kusugu, ranki ya daɗe. Ban riƙe sunansa ba." Mutumin da na cuta shi ne ya rufa min asiri. Ina zan kai wannan nauyi?

Alhamdu lillahi yana samun sauƙi. Amma jiya muna wanke kaya Likita ta ce, "Kawu, kai ɗan gari ne, ba gidan wanzamin da ba ka sani ba. Juma'ar nan ka kai ni wurin wanda ya yi wa Malam Ilu wannan aiki. Ba faɗa zan yi ba, roƙonsa zan yi kafin ya kashe wani." Na ce to.

In na kai ta zaurenmu na yi shiru, tsoho zai sha kunyar abin da hannunsa bai yi ba. In na ce ni ne, horon ya tafi, kuma unguwa za ta san Baba ya daɗe da kasa riƙe awartaki. In na kai ta gidan wani wanzamin, na ƙara zalunci a kan zalunci. Ga shi ɗazu Baba ya aiko a gaya min mutum biyu za su zo daga Kongolam ranar Juma'ar, in tafasa ƙarfe da wuri.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?